Inda Muka Je da Abin da Muka Dawo da Shi

(Jawabin da tsohuwar ma'ajin ƙungiya, wadda yanzu take riƙe da kwamitin tafiye-tafiye, ta yi ranar bikin zagayowar shekarar kafa ƙungiya a Kumbotso. Mun buga shi yadda ta faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.)

 

Uwar ƙungiya, Shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da suka daure suka zo suka zauna can gefe, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da 'yan'uwanmu da suka yi sammako daga Kura da Bunkure, sannunku da zuwa. Yadda kuka zo lafiya, Allah ya mayar da ku lafiya.

Da Shugaba ta ce ni zan yi magana a kan tafiye-tafiyen ƙungiya, na ce, "Ranki ya daɗe, ki ba wata, ni bakina ba ya riƙe magana." Ta ce ai shi ya sa ta ba ni. To, duk wadda ta ji na taka ta yau, ta kama Shugaba.

Kun san tun shekarunmu na farko muke ware wani abu daga ribar gumin shinkafa da kauɗar tumatir, muna ce masa kuɗin tafiya. Ba gwamnati ce ta ba mu ba, ba kuma wani ɗan siyasa ba. Kuɗin hayaƙin da ya shiga idonmu ne a gaban duro, kuɗin shanya da kwashewa in hadari ya taso. Bana kan ya rabu biyu. Wasu sun ce a sake zuwa Abuja. Wasu sun ce a rushe asusun tafiyar gaba ɗaya, a haɗa kuɗin a sayi injin cire tsakuwa. A zama mai zuwa za mu ɗaga hannu. Kafin nan, tunda ni ce na fi kowa shiga motar nan, bari in ba ku lissafin wurare huɗu da muka je: biyu ba su kai yadda muka zata ba, biyu kuma sun wuce. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Na farko, Daura. Ita ce tafiyarmu ta fari, kuma babu wata manufa a cikinta sai buɗe ido. Muka bi ta Kazaure, mota cike da waƙa da dambun nama. Kowacce ta taso da labarin rijiyar Kusugu tun tana yarinya: macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon nan Bayajidda da ya zo cikin dare ya sare masa kai, da auren da ya yi da sarauniya Daurama, har aka samu Bawo, aka samu Hausa Bakwai. To ni dai a raina, rijiyar nan ta kai faɗin wannan filin da muke zaune. Da muka isa, sai aka shigar da mu wani ɗaki, aka ce ga ta. Rijiya ce dai kamar ta gidan kowa. Inna, Allah ya jiƙanta, ta leƙa, ta ɗago kai, ta ce, "Yaro, ina babbar take?" Mai yi mana bayani ya yi dariya har da riƙe ciki.

Laifin rijiya ne? A'a. Rijiya tana nan yadda take tun kaka da kakanni. Mu ne muka gina wata a cikin kanmu, muka je neman ta. Mun sha ruwan, mun ga ƙofar fada, mun sayi tsaraba, mun dawo. Ba mu yi asarar komai ba sai kuɗin mota, kuma mun samu abin dariya da har yau muke tuna Inna da shi. Wannan irin rashin kaiwa zato, mai sauƙi ne.

Na biyu shi ne mai nauyi, Abuja. Wata ƙungiya mai zaman kanta, ba zan kama suna ba, ta aiko mana da takardar gayyata zuwa baje kolin kayan mata manoma. An ce manyan 'yan kasuwa za su zo, masu otal za su zo, wadda ta kai shinkafa ba za ta dawo da ko ƙwaya ba. Mu shida aka zaɓa. Muka ɗinka anko, muka ɗauki buhunanmu mafi kyau, muka nemi izinin mazajenmu na kwana huɗu, wasu da ƙyar. Kayan suka bi mota, mu muka je Kaduna muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a 2016. Jirgin kam ya burge ni, ba zan ci amanarsa ba. Na sha shayi a zaune ko ɗigo bai zube ba.

Amma daga tashar nan labari ya canza. Garin da muke gani a talabijin, garin masu mota ne. Tituna faɗa-faɗa, gidaje dogaye, amma babu inda za ki taka da ƙafa ki isa. Kuɗin tasi daga masauki zuwa wurin taro ya fi kuɗin mota daga nan zuwa Bunkure da dawowa. Masaukin da aka yi mana alkawari, da muka je aka ce sunanmu ba ya ciki, mu shida muka cusu a ɗaki biyu da kuɗinmu. Abincin da za ki ci ki ƙoshi a nan, can sai ki biya ninkinsa uku kuma ki tashi da yunwa.

Wurin baje kolin kuwa, ranar farko manya suka zo, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto da mu, suka shiga mota suka tafi. Sauran kwanakin muka zauna muna kallon juna da matan wasu jihohi. 'Yan kasuwar da suka tsaya gabanmu, tambaya uku suke yi: Ina lambar NAFDAC? Ina sunanku a jikin buhu? Za ku iya kawo mota guda duk wata, iri ɗaya, babu tsakuwa? Ko ɗaya ba mu da amsarta. Wata mata ta damƙi shinkafar ta watsa a tafin hannunta, ta tsinci tsakuwa biyu a gabana, ta ajiye min a kan tebur, ta wuce ba ta ce komai ba. Wallahi na fi son ta zage ni. Rabin kayan muka karyar a ranar ƙarshe don kada mu biya kuɗin dawo da su.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Da muka dawo, kuka tare mu a ƙofar gidan Shugaba da guɗa. Kuka ce, "Yaya Abuja?" Me muka ce? Muka ce, "Abuja kam sai wanda ya gani!" Muka fito da hotonmu a gaban Masallacin Ƙasa, da na Dutsen Zuma wanda yake jikin naira 100, muka raba tsaraba. Babu wadda ta ambaci tsakuwar nan biyu. Kunya ta hana. Ta yaya za ki bar gida kwana huɗu, maigida ya ci tuwon maƙwabta, ki dawo ki ce a banza? Ni da nake riƙe da littafi na rubuta abin da aka kashe daidai, amma ban taɓa tashi na ce tafiyar faɗuwa ce ba.

Shekara na zagayowa, wasu ƙannenmu huɗu suka tafi irin wannan taron da kuɗin aljihunsu, saboda labarin da muka ba su. Ɗaya sai da ta sayar da tunkiyarta. Abin da ya same mu shi ya same su. Suna nan a zaune, ba zan nuna su ba. Ƙannena, ku yafe min. Da na faɗi gaskiya ranar nan, da tunkiyar tana nan ta haihu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mu kuwa hangen muka kawo muku muka ce mun shiga.

Na uku, Tiga. Ita wannan har faɗa aka yi kafin a tafi. Wasu suka ce, "Ruwa? Mu da muke kwana muna tashi da kanal, ruwa za a kai mu kallo?" Abin da ya sa aka zaɓe ta kawai, kuɗin shekarar ba su da yawa, don 2016 ce, shekarar da tsutsar nan ta cinye tumatir, ba mu samu na kauɗa ba. Tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba, a je a dawo rana ɗaya.

Jama'a, da muka hau kan dam ɗin, motar nan da ba a jin maganar juna sai ta yi tsit. Ruwa iya ganinki, ba ki hango ɗaya gaɓar, ga tsaunuka, ga masunta a kwalekwale kamar ƙudaje. Wata daga cikinmu ta ce, "Ashe akwai teku a Kano aka ɓoye mana?" Wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya bar aikinsa ya zagaya da mu. Ya ce an gama ginin a 1974, aiki ne da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Tsawon bangon da ya tare ruwan ya kai wajen kilomita 6. Ya ce ƙarƙashin ruwan nan akwai tsofaffin garuruwa da gonaki, an tashi mutanensu aka sake musu matsuguni. Ya nuna mana bakin babban kanal, ya ce ruwan da yake fita nan shi ne yake gangarawa da kansa, babu inji, har Kadawa, har Bunkure, Garun Malam da Kura. Wani kuma ana sakinsa cikin kogi, a tace shi a Tamburawa birni ya sha, saura ya wuce Wudil, ya nufi Haɗejiya, har can Nguru da Gashuwa.

Na tsaya ina tunani. Shekara nawa ina sayen shanshera a Kura, ban taɓa tambayar daga ina ruwan yake zuwa ba. A zatona kanal kamar rana yake, kullum yana nan. Ashe wasu sun rasa gidajensu kafin mu samu noman rani. Ashe kuma akwai masu jira a ƙasanmu, duk abin da muka ɓarnatar ko muka zuba na shara, su ne za su gani.

Kuma mun dawo da abin da ya shiga aljihu. A nan muka gane cewa ana rufe ruwa lokaci-lokaci don gyara da yashe kanal, kuma ba a ɓoye ake yi ba, ana sanar da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. In an rufe, shuka za ta makara, girbi ya makara, shanshera ta yi wuya. Da can sai dai mu wayi gari mu ji buhu ya tashi, mu ce 'yan kasuwa ba su da tausayi. Tun daga tafiyar nan muka sa 'yan'uwanmu na Bunkure su riƙa jiyo mana labarin ruwa, in za a rufe mu sayi kaya da wuri mu ajiye. Waɗanda suke cikin kwamitin saye za su ba ku shaida. Tafiyar da aka raina, wadda kuɗinta bai kai na tasin Abuja ba, ita ce har yau take biyan mu. Ga kuma soyayyen kifi da ban sake cin irinsa ba.

Na huɗu, Maraɗi. Ɗaya daga cikinmu gwaggonta tana aure a wani ƙauye kusa da Maraɗi, kullum tana ba mu labarin asusun matan can. Da aka kawo shawarar zuwa, ni da bakina na ce, "Nijar? Me za mu koyo a wurin da ko noman rani irin namu babu?" Allah ya yafe min girman kai. Muka bi ta Katsina, Jibiya, muka tsallaka boda, muka wuce Ɗan Isa. Tun a hanya na fara jin kunya, don babu inda muka ji mu baƙi ne. Hausa ɗaya, sallama ɗaya, har sarkin ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, don zuriyar sarakunan Katsina na dā ne. Kuɗi ne kawai suka rikita mu. Su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Mai ƙosai ta ce min dala ashirin, na tsaya ina zare ido, ashe sefa 100 take nufi.

Ranar zamansu muka je. Babu ofis, babu kujera, babu lasifika. Mata kusan talatin a kan tabarmi gindin bishiya, ga akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowacce aka kira sunanta za ta taso ta zuba nata a kwano, a ƙirga da ƙarfi, kowa ya ji. Wadda ta makara akwai tara, ko da shugaba ce. Akwai wani ƙaramin kwano na daban, na haihuwa da rashin lafiya da rasuwa. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma kowacce ta haddace bashin da yake kan wadda take zaune kusa da ita. In aka ce wance nawa ake bin ta, kafin ta buɗe baki maƙwabciyarta ta faɗa.

Sunan tsarin Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan jihar Maraɗi a 1991, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. Bambancinsa da adashenmu shi ne, adashe kowacce tana jiran ranar kwasarta, ko tana da buƙata ko ba ta da ita. Su kuwa kuɗin taruwa suke yi, mai buƙata ta ranta ta yi sana'a, ta yi ƙuliƙuli da man gyaɗa, ko ta sayi jar akuyar nan tasu, ta dawo da shi. In shekara ta cika a fasa akwati a raba.

Me ya sa abin ya taɓa ni fiye da kowa? Tsofaffin cikinmu sun sani. Lokacin kuɗin ƙungiya a ɗakina suke kwana, cikin langa a ƙarƙashin gado, littafin kuma ni kaɗai nake karanta shi. In na ɗinka sabon zane, sai in ji ana raɗa. Ɗana ya sayi keke da guminsa, aka ce ai uwarsa ce ma'aji. Na yi kuka ba sau ɗaya ba, kuma sau biyu ina kai wa Shugaba makulli tana dawo min da shi. Ban taɓa cin ko kwabo ba, amma ba ni da hanyar nunawa. Gindin bishiyar nan na ga hanyar. Muna dawowa muka sa maƙeri ya yi mana akwati mai kwaɗo uku, ga shi can gaban Shugaba. Tun ranar na fara barci har da minshari.

Ba duka muka kwaso ba. Su suna ɗora wani abu a kan rance. Mu muka tambayi malamanmu, muka bar wannan, muka zaɓi ƙungiya ta sayi shanshera ta sayar wa mace da riba sananniya, ta biya a hankali. Kuma Allah ya taimake mu muka je da wuri, don a watan Agustan 2019 aka rufe boda, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi can. Da mun ce sai baɗi, da wataƙila har yau kuɗinku suna cikin langa.

To, iyayena da ƙannena, ga wurare huɗu. In kun lura, waɗanda suka fi suna su ne suka fi ba mu kunya, waɗanda muka raina su ne suka riƙe mu. Ba wai Abuja mugun gari ba ne. Mai lambar NAFDAC da buhu mai suna da shinkafa tsaf, in ta je za ta sayar. Mu ne muka je da anko ba mu je da amsa ba. Matar nan da ta ajiye min tsakuwa, ita ce ta fi kowa yi mana adalci a garin, ni ce na ɓoye saƙonta shekara da shekaru.

Saboda haka ga shawarata, in kun ga dama ku ɗauka. Bana kada a je Abuja. A sayi injin cire tsakuwa, a fara neman rajista. Ranar da muka iya amsa tambayoyin nan uku, ni zan fara ɗaura ɗankwali. Amma kada a rushe asusun tafiya. Da babu shi, da ba mu san zancen ruwa ba, da babu akwatin nan, kai ko injin da ake ta magana ba mu san muna buƙatarsa ba. A rage masa wani abu, a kuma sa masa sharaɗi uku.

Na ɗaya, kafin a tafi ko'ina, a tsaya a zama a faɗi tambayar da za a je nema. In buɗe ido ne kawai kamar Daura, a faɗa, ba laifi ba ne, mu ma 'yan Adam ne, amma a kashe daidai buɗe ido. Na biyu, waɗanda suka je, kafin su raba tsaraba, su tsaya gaban kowa su faɗi abin da aka kashe, abin da ya yi daɗi da abin da bai yi ba. Wadda ta ce "ban ji daɗi ba" kada a yi mata dariya, ta tsirar da tunkiyar wata. Na uku, a daina tura fuskoki iri ɗaya, har da tawa. Akwai mata a nan da suke zubi tun farko, ba su taɓa wuce Kwanar Gafan ba. Rabin kujerun mota nasu ne.

In kuka tambaye ni ina za a nufa da ɗan abin da ya rage, zan ce mu bi ruwan nan mu ga inda yake zuwa. Mun ga kansa a Tiga, mu je Haɗejiya da Auyo mu ga ƙasansa. Su ma suna noman rani, su ma matansu suna gumi, kuma suna fama da ciyawar kacala da take toshe musu hanyoyin ruwa. Mu tambaye su yadda suke shanya, da inda suke kai kayansu, da abin da suke gani daga ruwan da ya ratso ta wajenmu. Ba zan yi muku alkawarin za ta burge ku ba. Na daina irin wannan alkawarin. Abin da na ɗauka kawai, duk yadda muka same ta, haka za ku ji.

Ina gode wa mazajenmu da suke ba mu izini, da kishiyoyi da surukai da 'ya'ya mata da suke riƙe mana gida in mun tafi, da direbanmu da ya jure waƙarmu. Waɗanda muka shiga mota tare da su a dā, yau babu su, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya ba mu damina mai kyau da rani mai kyau, ya kai mu baɗi da rai da lafiya.